Wane kaya za ka fara zaɓa idan za ka harhaɗa kwamfutar tebur da kanka?

Kwamfutar tebur da mutum zai harhaɗa da hannunsa ba ta wuce kaya bakwai ko takwas ba: furosesa (ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi), madabod (babban allon da ake jona sauran kaya a kai), RAM (wurin riƙe bayanan da ake aiki da su a lokacin), ma'ajiya, katin zane (mai sarrafa hoton da monita ke nunawa), na'urar ba da wuta, abin sanyaya furosesa, sai kes ɗin da za a jera su duka a ciki. Ɗaura su da sukundireba aiki ne na yini guda, kuma kusan kowane abu ba ya shiga sai a gurbinsa. Wuyar aikin tana wajen zaɓe, tun kafin a ciro kuɗi daga aljihu.

Yawancin sababbin shiga sukan fara da abin da ya fi suna, wato furosesa ko katin zane, su zuba mafi yawan kuɗinsu a can, sannan su cike sauran guraben da ɗan abin da ya rage. A ganina akwai tambayoyi biyu da suka fi "wanne ya fi ƙarfi?" amfani, kuma ya kamata a yi wa kowane kaya su. Ta farko: idan na sayi wannan, me ya tilasta mini in saya a bayansa? Ta biyu: shekara nawa zan yi da shi kafin in canza? Furosesa tana ɗaure ka da soket, wato gurbin da take zama a kan madabod, soket ya ɗaure ka da madabod, madabod kuma ya zaɓa maka irin RAM ɗin da za ka sa. Katin zane kuwa, duk tsadarsa, cikin 'yan mintuna ake zare shi a sa wani. Na'urar wuta da kes, waɗanda ake rainawa, su ne za su iya raka ka har kwamfuta ta biyu, wani sa'in ma ta uku.

Kafin duk wannan, sai ka san aikin da za ta yi, kuma ka faɗa wa kanka gaskiya. Mai rubuce-rubuce, da lissafi a Excel, da kallon bidiyo, da yawo a intanet ba ya buƙatar katin zane ko kaɗan. Ɗan sashen zanen da ke cikin furosesa ya ishe shi. Mai buga wasannin kwamfuta, katin zane ne zai ci kaso mafi tsoka na kuɗinsa. Mai tace bidiyo ko mai harhaɗa manhaja yana son furosesa mai cibiyoyi da yawa, wato sassan cikinta da kowanne ke yin nasa aikin a lokaci guda, da RAM mai yalwa. Wanda ya ce "so nake ta iya komai" bai amsa tambayar ba tukuna, kuma shi ne wanda ya fi kashe kuɗi a inda ba zai ga amfaninsu ba.

Ga masu wasa, monita ce ke yanke hukunci, ko da yake ba a cikin kes take ba. Monita mai ƙudurin 1920 sau 1080 tana da ɗigon hoto miliyan 2 da 'yan kai. Mai 2560 sau 1440 tana da kusan miliyan 3.7. Wadda ake kira 4K, wato 3840 sau 2160, tana da kusan miliyan 8.3, ninki huɗu na ta farkon ke nan. Kowane ɗigo sai katin zane ya lissafa launinsa sau 60 a daƙiƙa, ko sau 144 idan monitar mai saurin sabunta hoto ce. Saboda haka katin da ke tafiya sumul a monita ta farko zai iya yin nishi a ta uku. Wanda kuma ya sayi kati mafi ƙarfi ya jona shi da tsohuwar monita mai sau 60, ya biya kuɗin hotunan da idonsa ba zai taɓa gani ba.

To, mu zo ga ƙullin da ya fi wuyar warwarewa, wato furosesa da soket ɗinta. Kamfanoni biyu ne ke wannan kasuwa, Intel da AMD, kuma furosesar ɗaya ba ta hawa madabod ɗin ɗayan. Ko a gida ɗaya ma soket yana canzawa. AMD ta fito da soket ɗin AM4 a 2016, kuma ya ɗauki zuriyar furosesoshinta na Ryzen tun daga ta 1000 har ta 5000, abin da ya sa mutane da yawa suka canza furosesa bayan shekaru ba tare da sun taɓa madabod ba. A 2022 ta koma AM5 tare da Ryzen 7000, kuma wannan soket RAM nau'in DDR5 kaɗai yake karɓa. Intel ta kawo LGA 1700 a 2021, ya ɗauki zuriya ta 12 da ta 13 da ta 14, sannan a 2024 ta koma LGA 1851 don jerin Core Ultra. Ma'anar wannan tarihi ga mai saye ita ce: idan ka sayi soket da ya kai ƙarshen rayuwarsa, ranar da ka so ƙarin ƙarfi sai ka canza kaya uku a lokaci guda. Wannan ba laifi ba ne idan da saninka ka yi, domin tsohon soket ya fi sauƙin kuɗi, kuma wanda zai yi shekara shida ko bakwai bai buɗe kes ba babu ruwansa da abin da zai fito baɗi. Amma a yi shi ido buɗe.

Sunayen furosesa suna ruɗa mutane, kuma masu talla sun san haka. Jin "i7" kaɗai ba ya gaya maka komai sai ka duba lambar da ke biye. Core i7-7700 ta 2017 cibiya 4 gare ta; Core i5-12400 ta 2022 tana da 6, kuma ta bar ta a baya nesa ba kusa ba. Haka ma gwada adadin GHz, wato saurin bugun furosesa, tsakanin zuriya da zuriya ɓata lokaci ne, domin sabuwar furosesa tana gama aiki mai yawa a kowane bugu fiye da tsohuwa. Ƙidayar cibiyoyin ma sai an yi hattara. Tun daga zuriya ta 12, Intel tana haɗa manyan cibiyoyi masu ƙarfi da ƙanana masu tsimin wuta a furosesa ɗaya. Core i9-13900K da ake cewa tana da cibiya 24, manya 8 ne da ƙanana 16. Ryzen 9 7950X kuwa 16 gare ta, amma duk manya. Ga wasanni da ayyukan yau da kullum, manyan cibiyoyi 6 sun wadatar, 8 kuma sun ba da sarari. Abin da ya haura haka na masu aikin da ke rarrabuwa ne, irin fitar da dogon bidiyo ko zane mai fuska uku (3D).

Sai haruffan da ke wutsiyar suna. A wajen Intel, F na nufin babu sashen zane a ciki, don haka idan ba ka sa katin zane ba monita ba za ta nuna komai ba. K na nufin an buɗe ta don mai son ƙara mata gudu da kansa. A wajen AMD, G na nuna sashen zane mai ɗan ƙarfi, kuma yawancin Ryzen 5000 marasa G ba su da shi sam. X3D kuwa furosesa ce da aka ɗora wa ƙarin ma'ajiyar gaggawa, dabarar da ta fara da 5800X3D a 2022, kuma wasanni suna jin daɗinta ƙwarai, ko da yake a sauran ayyuka bambancin ba shi da yawa. Ni dai na fi son furosesa mai sashen zane ko da akwai kati, saboda ranar da hoto ya ɗauke, da shi za ka gane ko katin ne ya lalace ko wani abu dabam. Wani abin lura ga mai sha'awar Intel zuriya ta 13 da ta 14: a 2024 kamfanin ya amsa cewa wasu daga cikinsu suna neman wutar da ta wuce ƙima har su riƙa tangarɗa, ya fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS, wato ƙaramar manhajar cikin madabod da ke tayar da kwamfuta, ya kuma ƙara shekara 2 a kan garantinsu. Duk wanda ya saye su, sabunta BIOS ne aikinsa na farko.

Madabod ba ya ƙara wa kwamfuta gudu. Wannan magana tana yi wa wasu ɗaci, domin akwai allunan madabod masu ƙyalƙyali da fitilu da suka fi furosesar da za a ɗora musu tsada. Aikinsa shi ne ya haɗa kayan, ya kuma ba furosesa wuta mai tsafta. Ga mafi yawan mutane, matsakaicin aji ya isa: B650 ko B850 a AM5, B760 a LGA 1700. Jerin Z na Intel na mai furosesar K ne da ke da niyyar ƙara mata gudu. Idan babu wannan niyya, kuɗin sun tafi a banza. Abin dubawa shi ne yawan guraben M.2 da ake sa ma'ajiya a ciki, da kafofin USB na baya, da ko yana da Wi-Fi idan ana buƙata, sai kuma sashen daidaita wuta da ke kewaye da soket. Idan sashen nan tsirara yake babu ƙarfen sanyaya a kansa, kada ka ɗora masa furosesa mai zuƙar wuta, domin zai yi zafi ya tilasta mata rage gudu. Girma kuwa iri uku ne suka fi yawa: ATX, tsarin da Intel ta fito da shi a 1995, mai milimita 305 sau 244, microATX mai 244 sau 244, da Mini-ITX mai 170 sau 170. Na tsakiyar yakan fi sauƙin kuɗi kuma ba ya rasa abin da talaka ke nema. Ƙaramin kuwa kyau ne da shi, amma gurbin RAM biyu kacal gare shi, kuma harhaɗa shi sai mai haƙuri.

Akwai wani tarko a nan. Soket zai iya dacewa amma kwamfuta ta ƙi tashi, saboda an ƙera madabod ɗin kafin furosesar ta fito, BIOS ɗinsa bai san ta ba. Haka ya faru da allunan B450 na 2018 lokacin da Ryzen 5000 ta zo a 2020. Maganinsa shi ne a duba jerin furosesoshin da allon ke karɓa a shafin kamfaninsa, a kuma fifita allo mai maɓallin sabunta BIOS ta filas ba tare da furosesa a kai ba.

RAM ba shi da dogon labari idan aka kiyaye abu uku. DDR4 da DDR5 ba sa shiga gurbin juna, domin tsagar da ke ƙasansu ba a wuri ɗaya take ba, kuma allunan LGA 1700 akwai na wannan akwai na wancan, don haka a karanta kwali da kyau. Na biyu, a sayi sanda biyu a ƙunshi ɗaya maimakon ɗaya babba. Sanda biyu masu 16 GB sun fi ɗaya mai 32, saboda furosesa tana magana da su ta hanya biyu a lokaci guda, kuma wanda ya dogara da sashen zanen cikin furosesa shi zai fi ganin bambancin. A allo mai gurbi huɗu, galibi na biyu da na huɗu daga wajen furosesa ake fara cikawa. Na uku shi ne yawa: 16 GB ya isa aikin yau da kullum da yawancin wasanni, 32 GB ya fi kwanciyar hankali ga mai buɗe abubuwa da yawa ko mai tace bidiyo. Game da lambobin gudu, kada babbar lamba ta ruɗe ka ita kaɗai, sai an haɗa da lambar jinkiri da ake rubutawa CL. DDR4-3200 mai CL16 da DDR5-6000 mai CL30 duk jinkirinsu nanosakan 10 ne. Abin da na biyun ya fi shi ne yawan bayanan da yake kwasowa a tafiya ɗaya. A AM5, DDR5-6000 ne aka fi natsuwa da shi, kuma abin da ya wuce haka ribarsa kaɗan ce.

A ma'ajiya kuwa, tsallen da kowa ke ji a jikinsa shi ne daga faifai mai juyawa, wato HDD, zuwa SSD. Faifan da ke juyi 7200 a minti da ƙyar yake wuce megabayit 200 da wani abu a daƙiƙa, kuma sai allurarsa ta yi yawo kafin ta samo kowane ɗan fayil. SSD mai kebul ɗin SATA yana kaiwa wajen 550. Na NVMe da ke shiga gurbin M.2 yana kaiwa 3,500 a PCIe 3.0, wajen 7,000 a 4.0, a 5.0 kuma kusan ninkin haka. Lambobin suna burgewa, amma wajen kunna Windows ko buɗe wasa, da wuya ka bambance 3,500 da 7,000 in ba da agogo a hannu ba. Gara terabayit 2 na matsakaicin gudu da terabayit 1 na mafi gudu. Abin da kwali ba ya faɗa da babbar murya shi ne yadda SSD ke yi idan an daɗe ana zuba masa kaya. Kamar mazurari yake: da farko yana shanye duk abin da aka zuba da sauri, da bakinsa ya cika sai komai ya koma bin siririn wuya. Masu araha da aka yi da nau'in ƙwayar ajiya da ake kira QLC wuyansu ya fi ƙanƙanta, har wasu kan sauko kusa da gudun faifai mai juyawa a tsakiyar babban kwafi. Masu TLC sun fi juriya, kuma su nake ba da shawara a ɗora Windows a kai. A kula kuma, M.2 sunan siffa ne kawai; akwai SSD mai siffar M.2 da ke aiki da SATA, kuma ba kowane gurbi ke karɓarsa ba. Faifai mai juyawa har yanzu yana da wurinsa wajen tara hotuna da bidiyo masu yawa. Idan ka sa terabayit 1 ka ga Windows ya nuna 931 GB, ba cutarka aka yi ba, salon ƙidayar ne ya bambanta.

Katin zane shi ne kayan da aka fi yin musu a kansa, alhali zaɓensa bai kai na soket haɗari ba, tunda duk katunan yanzu gurbi ɗaya suke shiga, PCIe x16, kuma sabon kati yana aiki a tsohon gurbi. Nvidia da GeForce, AMD da Radeon, sai Intel da ta shigo da Arc a 2022. Waɗannan su ke ƙera cif ɗin, wato ƙwaƙwalwar lissafin da ke tsakiyar katin, sannan kamfanoni irin su Asus, MSI, Gigabyte da Sapphire su ɗora shi a kan katinsu. Kati biyu masu cif ɗaya kusan ƙarfinsu ɗaya. Abin da ake biya a mai tsadar shi ne sanyi da ƙarancin ƙara. Ƙwaƙwalwar katin tana da muhimmanci, kuma 8 GB ya fara matsewa a sababbin wasanni idan aka haura 1080, amma ita kaɗai ba ma'auni ba ce: RTX 3060 tana da 12 GB, RTX 3070 tana da 8, kuma ta biyun ce ta fi ƙarfi. Suna ma yakan yi yaudara. An taɓa sayar da GT 1030 iri biyu, ɗaya da GDDR5 ɗaya da DDR4 mai rauni sosai, duk da suna ɗaya a jikin kwali. Hanyar da ta fi tsira ita ce ka nemi sakamakon gwajin da masu zaman kansu suka yi wa katin a kan wasan ko manhajar da kai za ka yi aiki da ita, a ƙudurin monitarka. Masu aikin ƙirƙirarriyar basira da wasu manhajojin zane sukan karkata ga Nvidia saboda CUDA, tsarinta na sa katin zane yin lissafi, wanda manhajoji da yawa suka ginu a kansa. Sannan a auna tsawo. Manyan katunan yanzu suna wuce milimita 300, suna cin gurbi uku, kuma ba ƙaramin takaici ba ne a kawo kati gida ya ƙi shiga kes.

Yanzu ga inda nake so a tsaya a daɗe: na'urar ba da wuta, wadda ake rubutawa PSU. Ita ce ke karɓar wutar bango ta mayar da ita bolt 12 da 5 da 3.3 da kayan ciki ke sha. Ba ta ƙara gudu, ba ta fitowa a tallar kowa, shi ya sa take zama abin da ake tsuke wa kuɗi a ƙarshe. Amma daga gare ta kowane kaya ke shan wuta, kuma idan marar kyau ta mutu, tana iya tafiya da madabod ko katin zane ko SSD mai ɗauke da aikin shekaru. A nan ne araha ba ta ado.

Lissafin girmanta ba shi da wuya. Ka haɗa iyakar abin da furosesa ke ja da na katin zane, ka ƙara wajen wat 50 zuwa 75 don sauran kaya, sannan ka bar sarari. Misali furosesa mai jan 150 da kati mai 250 sun kai wajen 450 zuwa 475 gaba ɗaya, don haka 650 ko 750 ta dace. Sai dai a yi lissafin da iyakar gaskiya, domin lambar da ke gaban kwali takan yi ƙasa da ita: waccan i9-13900K an rubuta mata 125, amma tana da izinin kaiwa 253 idan aiki ya yi nauyi. Sararin da ake bari kuma yana da dalili. Katunan zane sukan yi fizgar wuta ta ɗan ƙiftawar ido da ta zarce abin da aka rubuta musu, kuma na'urar da ke aiki a bakin iyakarta sai ta ɗauka matsala ce ta kashe kanta. Wannan na cikin abin da ya sa aka fito da ma'aunin ATX 3.0 a 2022, wanda ya wajabta jure irin wannan fizga. Kada kuma a ji tsoron cewa mai wat 750 za ta riƙa shan 750 kullum. Abin da kwamfuta ta nema kaɗai take ja.

Tambarin 80 Plus, da darajojinsa na Bronze, Silver, Gold, Platinum da Titanium, yana auna tsimin wuta ne kawai. Mai Gold tana kaiwa kashi 90 cikin 100 a rabin nauyinta, ma'ana idan kayan ciki suna son wat 450, za ta ja 500 daga bango, 50 ɗin su zama zafi. Tambarin bai ce komai a kan ingancin kayan da ke cikinta ko kariyarta ba, ko da yake marasa kyau ba kasafai suke samun manyan darajojin ba. Alamomin da suka fi shi faɗin gaskiya uku ne. Tsawon garanti: kamfanin da ya ba da shekara 7 ko 10 ya yarda da abin da ya ƙera. Jerin kariya daga wuce gona da iri na wuta, da haɗuwar waya da waya, da zafi. Sai takardar da ke manne a jikinta: duba layin bolt 12, ka ninka da adadin amfiya. Idan an rubuta amfiya 54, wat 648 ke nan, kuma wannan ya dace da mai 650. Idan aka ce 650 amma layin 12 bai ba da ko 450 ba, an cike lambar ne da layukan da furosesa da kati ba sa sha.

Gargaɗi biyu a kanta, kuma ba na wasa ba ne. Na'urori masu wayoyin da ake cirewa ba su da tsari ɗaya a ɓangarensu, don haka wayar wata na iya shiga bakin wata daidai amma ta aika bolt 12 inda ake jiran 5, ta ƙona kaya nan take. Idan ka canza na'ura, canza wayoyin duka. Kuma kada ka taɓa buɗe murfinta, domin tana riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare ta daga bango. Masu sayen manyan katunan Nvidia kuma su kula da sabon bakin waya mai fil 16 da ke ɗaukar har wat 600. Bayan fitowar RTX 4090 a 2022 an samu rahotannin narkewarsa, aka danganta da yawansu da rashin tura shi har ƙarshe, daga baya aka gyara tsarinsa zuwa 12V-2x6. A tura shi sai ya yi ƙas, kuma kada a lanƙwasa wayar dab da bakin. Inda wuta ke yawan ɗaukewa ko hawa da sauka, UPS na cikin lissafin kayan tun farko, kuma a tuna lambar VA da ake rubuta ƙarfinsa da ita ta fi wat ɗin da yake iya bayarwa.

Sanyaya da kes tafiyarsu ɗaya. Abin sanyaya da ke zuwa a kwalin wasu furosesoshi ya ishi masu wat 65, sai dai ƙara. Hasumiyar ƙarfe mai fanka ɗaya ko biyu ta ishi kusan kowa, kuma babu abin da zai lalace a jikinta sai fanka. Mai ruwa, na milimita 240 ko 360, yana da amfani ga furosesa mai zafi sosai, amma famfonsa yana da wa'adi. Idan ka ga Ryzen 7000 ta taɓa digiri 95 a babban aiki, kada hankalinka ya tashi, haka aka tsara ta. Kes kuwa, a duba fuskarsa kafin kyansa. Mai fuskar raga yana shan iska. Mai fuskar gilashi a rufe yakan shaƙe fankokin da ke bayansa. Iska ta shiga ta gaba ta fita ta baya da sama, a samu matatar ƙura da ake cirewa a wanke. Kowane kes yana da lambobi uku a takardarsa da za a gwada da kayan: girman madabod, tsawon katin zane, da tsayin abin sanyaya. Shafin PCPartPicker yana taimakawa wajen gano rashin jituwa irin wannan, amma bai hana ka karanta takardar da idonka ba.

Mai son rage kashe kuɗi da kayan hannu, furosesa da RAM da kes su ne mafi aminci, domin ba kasafai suke lalacewa ba. Katin zane sai an gan shi yana aiki a ƙarƙashin nauyi. Na'urar wuta da faifai mai juyawa kuwa ban ga dalilin sayen tsofaffinsu ba. A kuma tuna Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, Windows 11 kuma yana neman sashen tsaro da ake kira TPM 2.0 da furosesar Intel daga zuriya ta 8 ko Ryzen daga ta 2000, saboda haka abin da ya girmi waɗannan sai dai a yi masa tunanin Linux.

Idan kaya sun iso, a fara gwada su a waje. Ka ɗora madabod a kan kwalinsa, ka sa furosesa da abin sanyaya da RAM, ka jona wuta da monita, ka ga ya nuna hoto kafin ka ɗaure komai a kes. A AM5 da soket ɗin Intel, siraran filolin suna cikin soket ne, kuma taɓawa kaɗan ke lanƙwasa su, don haka a ajiye furosesa a hankali, alamar kusurwarta ta dace da ta soket, ba dannawa. A cire ledar da ke ƙasan abin sanyaya kafin a ɗora shi a kan man zafi, wato man da ake shafawa a saman furosesa don zafinta ya wuce zuwa abin sanyaya. Mutane da yawa suna mantawa. Idan akwai katin zane, a bayansa ake jona monita, ba a bayan madabod ba. Kunnawar farko da DDR5 tana iya ɗaukar minti ɗaya ko fiye monita na baƙi, madabod yana gwada RAM ne, a ba shi lokaci. Da ya tashi, ka shiga BIOS ka kunna saitin da ke ba RAM cikakken gudunsa: XMP idan Intel ce ko EXPO idan AMD ce. In ba haka ba, RAM ɗin da ka saya a matsayin 6000 zai zauna a wajen 4800, kuma babu wani saƙo da zai fito ya sanar da kai.